Waiwaye: Guzurin Yaro a Tsakiyar Teku

Da yawa daga cikinmu ba mu manta da daren ƙirga guzuri ba. Gobe tafiya, an ɗaure kaya, sai uba ya kira ɗansa zaure bayan sallar isha'i, ya kwance lalita ya zube kuɗi a kan tabarma. Ba ya miƙa su a dunƙule. Sule-sule yake jerawa yana faɗin aikin kowanne: wannan na mota, wannan na abinci a hanya, wannan kuwa uwarka za ta ɗinke maka shi a cikin wando, kada ka taɓa sai ta ɓaci. Yaro ya sake ƙirgawa da hannunsa ya ce, "Sun cika, Baba." Uban ya ce, "To, su ke nan. Allah ya tsare hanya." Daga wannan dare yaron ya san an yarda da shi, ya kuma san abin da ke hannunsa yana da ƙarshe.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne wani salon hutu da ya fara shigowa gidajen masu hali a cikinmu, wato a kwashi iyali a shiga katafaren jirgin ruwa na shaƙatawa a yi mako guda ana yawo a teku. Wasu daga Dubai suke hawa lokacin sanyi, jirgi ya zaga da su Abu Dhabi da Doha ya dawo. Wasu sai sun je Basalona su kewaya Bahar Rum. Jidda ma ta shiga sahu: tun 2021 irin waɗannan jirage suke tashi daga can, kuma a ƙarshen 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata mai suna Aroya. Wanda ya dawo zai ba ka labarin girman jirgi da yawan abinci har ka gaji. In kun saba, can daga baya sai ya rage murya ya ba ka labari na biyu, na takardar lissafin da aka kawo masa ranar sauka, da abin da ɗansa ɗan shekara 15 ya zuba a cikinta.

Jiddar nan kuwa kakanninmu sun san ta ta ruwa tun kafin mu san ta ta sama. Mahajjacin da ya baro Kano ko Katsina ko Damagaram a ƙasa yakan bi ta Borno, ya ratsa Cadi, ya shiga Sudan ta Darfur, a hankali har ya kai gaɓar Bahar Maliya, Sawakin ko Port Sudan, ya jira jirgin da zai tsallaka da shi. Tafiyar takan ci shekaru, domin guzurin da aka baro gida da shi ba ya kaiwa. Sai a yada zango a yi aiki. Bayan an buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, Hausawa da Fulani da Barebari masu yawa a can suka tara kuɗin jirginsu, wasu ma ba su ƙara gaba ba, zuriyarsu na can har yau. Kuma da yara ake wannan tafiya. Wanda ya baro gida yana ɗan ƙarami yakan isa bakin teku da ƙarfinsa, ya tsinci auduga, ya yi dako, ya ɗebi ruwa ya sayar. Ranar da irin wannan saurayi ya taka jirgi, ba ya buƙatar huɗubar kowa a kan kuɗi. Ya san gumin wata nawa ne ya saya masa wurin shimfiɗa tabarmarsa.

Jikan jikansa fa? Shi ranar da ya shiga jirgin shaƙatawa kati ake ba shi mai ɗauke da sunansa. Katin nan shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga a kowace tasha, shi ne kuma kuɗi, domin a cikin jirgin ba a ciniki da tsaba. Kamfanin Royal Caribbean yana kiran nasa SeaPass, Carnival kuma Sail & Sign, Princess kuwa wani ɗan zagayayyen abu ne mai girman kwabo da ake ratayawa a wuya ko a ɗaura a hannu. Aikinsu ɗaya ne: a nuna wa na'ura, ta yi ƙara, a wuce. Katunan iyali kuma yawanci a asusu ɗaya ake haɗa su, wanda aka jingina da katin bankin uba ko na uwa tun ranar shiga. Jirgi irin Icon of the Seas, wanda ya fara tashi daga Miami a Janairun 2024, hawa 20 gare shi, yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Ba mai iya bin sawun matashi a irin wannan wuri. Yaro na saye a can sama, uba na barcin rana a ɗaki, kuɗin na fita daga aljihunsa bai sani ba.

Tsakanin waɗannan zamuna biyu akwai jirgin da dattawanmu 'yan boko suke ambata da shauƙi, wato Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya yi jigila tsakanin Apapa da Ingila daga 1951 zuwa 1974. Kusan mako biyu ake yi a ruwa, a tsaya a Gana, a tsaya a Saliyo, kafin a hango Turai. Ɗalibai da yawa masu zuwa karatu ta nan suka bi, wasunsu ba su daɗe da barin makaranta ba. Shi ma jirgin yana da abubuwan da za su ja ran saurayi. Amma ɗalibin yana riƙe da 'yan fam ɗin da zai fara rayuwa da su a ƙasar sanyi, in ya taɓa su a ruwa, rigar sanyinsa ya taɓa. Ban yarda cewa samarin da sun fi na yanzu hankali ba. Kuɗinsu ne mai nauyi a aljihu, in ya ragu ana ji.

Wannan ba maganar tsofaffi kaɗai ba ce. A 2001 wasu malamai biyu na jami'ar MIT da ke Amurka, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun wallafa wani gwaji da suka yi. Sun sa tikitin kallon ƙwallon kwando a gwanjo, suka ce wa wasu da tsabar kuɗi za su biya, wasu kuma da kati. Masu kati sai da suka taya kusan ninki biyu na abin da masu tsaba suka taya. Kuma manya ne, ba yara ba. Mu ma ai mun ɗanɗana. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tura mu ga tiransifa da POS, wa bai lura ba yadda kuɗi ke zarewa ba tare da hannu ya ji ba? Abin da ya gagari mai furfura, ba adalci ba ne a ɗora wa ɗan shekara 14 laifinsa shi kaɗai.

Abin da iyaye suka fi tsoro, giya da gidan caca, shi ne ma aka fi toshewa, domin katin yana ɗauke da shekarun mai shi. Ɓarakar tana cikin ƙananan abubuwa na halal. Kuɗin tikiti ya haɗa da abinci safe da rana da dare, da ruwa da shayi, da wurin ninƙaya, da zauren da aka ware wa matasa. Amma lemon gwangwani daban ake biyansa a yawancin jirage, haka kofi na musamman, haka askirim ɗin kanti, kuma kowane kofin sha ana ɗora masa ladan hidima, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Ga ɗakin wasannin na'ura, inda yaro zai yi ta nuna kati yana neman ciro 'yar tsana da ƙugiya har la'asar ta yi. Ga masu ɗaukar hoto a kowace kusurwa. Ga intanet da ake sayarwa kullum a kan kowace waya. Wayar ma in ba a rufe layinta ba, takan kama hanyar sadarwar jirgi mai bi ta tauraron ɗan'adam, kuma wannan bashin ba ya cikin takardar jirgi, a gida yake jira. Sai kuma tukuicin ma'aikata da kamfani ke cirewa kullum a kan kowane fasinja, wanda a manyan kamfanonin Amurka yakan kai dala 16 zuwa 20. Wannan ba hannun yaro a ciki, amma uban da ya ga jimla kawai sai ya hau shi da faɗa.

Akwai kuma wata ƙofa da na fi jin tausayinta, domin mu muka buɗe ta da hannunmu. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan cewa ba a ci a bar na kusa yana kallo. Yaron da ya tashi yana jin "bismillah, matso" a bakin kowane kwano, in ya yi sababbin abokai a jirgi, 'yan Indiya da Masar da Italiya, ba zai iya sayen lemo shi kaɗai ba. Kara za ta sa ya ce a kawo biyar. Hali ne mai kyau, kada mu kashe shi. Sai dai a da, mai kyauta daga nasa yake yi, yana ji a jikinsa, shi ya sa ake kiran ta kyauta. Yaron da ke ciyar da abokai daga asusun da bai san zurfinsa ba, an hana shi ladan abin, an kuma hana shi darasinsa.

Iyaye sukan bi ɗaya daga hanya biyu. Wani ya bar katin a buɗe don kada a ce ya takura wa yara a lokacin hutu. Wani ya je teburin kula da fasinjoji ya ce a rufe katin yaran gaba ɗaya, su buɗe ƙofa da shi kawai. Na biyun ya tsira da kuɗinsa, amma ya mayar da saurayi mai neman gemu ɗan yaye, kullum yana biye da shi: "Abba, zan sha lemo." Duka biyun sun tsallake abin da uban nan na da ya yi, wato ya danƙa wa yaro abu mai iyaka ya ce naka ne, ka sarrafa.

Kuma hanyar tana nan, ba wuya gare ta ba. Yawancin kamfanoni suna bari a ƙayyade abin da katin yaro zai iya kashewa, ko a buɗe masa asusu daban a zuba tsabar kuɗi, in sun ƙare kati ya daina aiki. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a gida ya kamata a zauna, a ciro dalolin ko yuron a zahiri, a sa a hannunsa ya ƙirga, a lissafa masa nairar da aka ba ɗan canji kafin a same su. A faɗa masa abin da aka riga aka biya da abin da ba a biya ba. A bar shi ya zaɓa da kansa: intanet na mako guda, ko wasan na'ura, ko kaya a kanti, domin ba za su haɗu duka ba. Na fi son a ba shi na dukan tafiyar a dunƙule maimakon na kullum-kullum, in ya haura shekara 14, saboda rabon kwana-kwana uba ne ya yi lissafin, yaro ya ci kawai. Lissafin kuwa yana fitowa a talabijin ɗin ɗaki ko a manhajar jirgi, a koya masa ya riƙa dubawa da kansa kafin ya kwanta.

To, in sun ƙare ranar Laraba alhali sai Asabar za a sauka fa? Nan ne zuciyar iyaye ke karaya, kaka ma in tana cikin tafiyar ita ce za ta fara kwance bakin mayafi. Ina roƙon mu daure. Babu wurin da ya fi jirgin nan sauƙin ƙarewar guzuri a duniya: abinci an biya, makwanci an biya, ba inda zai ɓace. Mahajjacin da guzurinsa ya ƙare a Darfur shekara yake yi kafin ya motsa. Ɗanmu kwana uku zai yi yana shan ruwa da shayi yana kallon abokai suna wasa. In bai koyi wannan a gaban idonmu ba, zai koye shi wata rana a jami'a ko a gidan aurensa, inda kuɗin makarantar ya fi tsada.

Sai abin da na ga mun fi mantawa da shi, tsaraba. A da, guzurin matafiyi ba nasa ba ne shi kaɗai. Ko almajiri ne zai dawo daga gabas, sai ya ƙulle wani abu na Inna da Goggo da ƙannensa. Alhajin da ya sha wahalar shekaru bai shigo gari hannu biyu ba, ga zamzam, ga dabino, ga bagaruwa, ga tasbaha ta kowane dattijo a unguwa. Wannan al'ada ce ke riƙe hannun matafiyi fiye da kowane faɗa, domin duk abin da zai saya wa kansa sai fuskar wani ta gilma masa. Yau mu iyaye mun ɗauke wa yara wannan nauyi, mu ke sayen tsarabar kowa a filin jirgin sama, su kuma kuɗinsu na bakinsu ne kawai.

Mu mayar musu da shi. Kafin a tashi a ce, "Mamana, cikin kuɗin nan akwai na Hajiya Kaka, akwai na yarinyar da ke taya Ummanku aiki. Ke za ki zaɓo musu, ba ni ba." Za ta gano da kanta cewa kantunan jirgi ba sa buɗewa sai an bar tasha, kuma abin da ake sayarwa a ciki sau da yawa ya fi araha a kasuwar garin da aka tsaya. Za ta shiga Suk Wakif a Doha ta taya turare, ta ji daɗin an rage mata.

A daren ƙarshe, lokacin da ake fitar da akwatuna bakin ƙofa, takardar lissafi takan fito. Kada uba ya karanta ta shi kaɗai yana tsaki. A zauna tare, kowane yaro ya karanto nasa layin da bakinsa. In an ga abin da ba a saya ba, ko abin da aka rubuta sau biyu, shi yaron ne zai tashi ya je teburin kula da fasinjoji ya yi bayani, uban na tsaye a bayansa. A je tun da dare, domin da safe layin yakan yi tsawo, kuma gyara ya fi sauƙi kafin a sauka.