Rauta a Gidan Malami: Makullin Ya Zauna a Hannunmu

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga manyan makarantu kan kwamfuta baki ɗaya. A 2024 hukumar WAEC ta bi sahu, ta fara da masu rubuta jarrabawa daga waje. Mu kanmu malamai, jarrabawar cancanta ta hukumar TRCN a kan kwamfuta ake zama a rubuta ta. Ga mu kuma a Samaru, gindin Jami'ar Ahmadu Bello, inda kowane uba yake fatan ɗansa ya haye titi ya shiga. Saboda haka intanet a gidan malami ta zama kayan aiki, kamar alli da littafin tsara darasi. Ra'ayina shi ne kowane gidan malami ya yi ƙoƙarin mallakar rauta guda, kuma malamin da kansa ya san yadda ake saita ta, kada ya bar wannan a hannun mai shago ko yaron maƙwabta.

Abin da aka saba a gidajenmu shi ne kowa da layinsa, kowa da datarsa. Maigida ya saya, uwargida ta saya, ɗan da ke shirin JAMB ya saya, kowa ƙaramin ƙunshi na kwana ɗaya ko na mako. Ƙaramin ƙunshi kuwa shi ya fi tsada idan aka lissafa kuɗin kowane gigabait. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan ɓarna ta ƙara nauyi a kan albashin da dama bai kai ƙarshen wata ba. Babban ƙunshi guda na wata, a cikin na'ura guda da ke raba wa kowa, ya fi sauƙin kuɗi, ya kuma fi sauƙin sa ido.

Abin da ke tsorata mutane shi ne sunaye, alhali ba su da yawa. Modem ita ce ke karɓo intanet daga kamfani, ko ta hanyar sim ko ta waya. Rauta ita ce ke raba abin da aka karɓo ga wayoyi da kwamfutocin gida. Akwatin da ake sayarwa a shagunan PZ da kasuwar Sabon Gari galibi ya haɗa aikin biyu, shi ya sa ake kiransa ƙofar gidan intanet: komai ta nan yake shiga, ta nan yake fita. Waifai kuma ita ce igiyar da ba a gani tsakanin akwatin da wayarka. Iyakarta cikin gida. Don haka waya tana iya nuna waifai a cike amma shafi ya ƙi buɗewa, domin data ta ƙare ko sabis ya ɗauke daga wajen kamfani. Akwai kuma bambancin megabit da megabait. Da megabit ake auna gudu, da megabait ake auna yawan data, kuma megabit 8 ne ke yin megabait 1. Wanda ya san wannan, talla ba za ta ruɗe shi ba.

Saitin kansa bai fi wuyar cike rajistar aji ba. A ƙarƙashin kowace rauta akwai takarda manne, ɗauke da sunan waifai, da kalmar sirrinsa, da wani adireshi na lambobi irin su 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. A sa sim, a kunna, a haɗa waya da sunan da ke jikin takardar, sannan a rubuta adireshin nan a manhajar buɗe shafuka. Shafin kula da na'urar zai bayyana. A nan akwai makulli biyu, kuma mutane da yawa ɗaya kawai suka sani. Na farko shi ne kalmar sirrin waifai, wadda ake ba iyali. Na biyu shi ne kalmar sirrin shafin kula, wadda sau da yawa kamfani kan bari a matsayin admin, abin da kowane yaro mai wayo ya sani. Duk wanda ya riƙe na biyun shi ne mai gida a kan na'urar. A sauya su duka ranar farko. A zaɓi tsarin tsaro na WPA2 ko WPA3, a sa kalma mai tsawo wadda ba lambar waya ba, ba sunan ɗa ba, ba shekarar haihuwa ba. A kashe WPS, domin hanya ce ta shiga ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Idan an rikice, akwai ɗan rami a bayan na'urar. A danna shi da tsinke na 'yan daƙiƙu, komai ya koma yadda ya fito daga kamfani, a sake daga farko.

Me ya sa nake nacewa malami ya yi wannan da hannunsa? Tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa kowane sim da lambar NIN ta mai shi. Sim ɗin da ke cikin rautarka da sunanka yake. A unguwanni irin su Hayin Dogo da Ɗanraka, inda gidaje ke manne da juna kuma ɗakunan haya suka cika da ɗalibai, waifai ba ta san katanga ba. Idan wani ya hau layinka ya yi damfara ko ya tura abin da bai dace ba, sawun zai fara zuwa ƙofarka ne. Wayoyin zamani kuma suna iya miƙa kalmar sirri ga wata waya ta hanyar ɗaukar hoton tambari, don haka yaro ɗaya ya isa ya raba wa abokansa goma. Maganin shi ne a riƙa duba jerin na'urorin da ke haɗe a shafin kula, a toshe baƙuwa, a buɗe wa baƙi layinsu daban idan na'urar tana da wannan tsari.

Wurin ajiya ma yana da tasiri. A ɗora ta sama, kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi, nesa da firiji da kabad ɗin ƙarfe. Idan tana da zango biyu, na 2.4 ya fi ratsa bango mai kauri da kaiwa nesa, na 5 ya fi gudu amma a kusa. Wannan 5 ɗin daban yake da 5G na kamfanonin waya. Saboda ɗauke wuta, a tanadi ƙaramin batir da ya dace da ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin cajarta.

Na san hujjoji biyu da za a kawo. Wani zai ce malamin da ke jiran albashi ina ya ga kuɗin rauta. Gaskiya ne, amma kuɗin sayenta sau ɗaya ake biya, ɓarnar ƙananan ƙunsa kuwa kowane wata take dawowa. Kowa ya tara abin da gidansa ya kashe a watan jiya ya gani. Wani kuma zai ce shigo da intanet gida buɗe wa yara ƙofar lalacewa ne. Wannan tsoro yana da tushe, ban raina shi ba. Sai dai ƙofar ta riga ta buɗe tun ranar da waya ta shiga hannun yaro da layinsa na kansa, wanda babu mai ganin abin da yake yi. Rauta tana dawo da wani ɓangare na iko hannun iyaye: ana iya kashe ta bayan sallar isha'i, ana iya cire wata waya lokacin karatu, wasu ma suna bari a toshe shafuka. Ba za ta maye gurbin tarbiyya ba, amma tana taimaka wa mai yin ta.

Kirana ga shugabannin reshenmu guda biyu ne. Na farko, a ware awa biyu a wata Asabar, a tara mambobi a aji guda, malaman kwamfuta da ke cikinmu su zo da rauta ɗaya ko biyu, kowa ya shiga shafin kula ya sauya kalmar sirri da hannunsa, mata da maza. Na biyu, asusun taimakon juna ya duba yiwuwar saye a dunƙule, mambobi su biya kaɗan-kaɗan, bayan an gwada wane kamfani ne sabis ɗinsa ya fi ƙarfi a Samaru, da Bomo, da Basawa, da Palladan, domin abin da ya yi aiki a wata unguwa ba lallai ya yi a wata ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu da muke koya wa 'ya'yan jama'a karatu, bai kamata ƙaramin akwati a kan tagar ɗakinmu ya gagare mu karantawa ba.