Ku bar ɗura wa avoka ruwa da ure, kashe ta kuke yi

Tun da bazara ta kama, da wuya mu buɗe layi a shirin noma da garka ba a samu wanda ya kira da kuka iri ɗaya ba: bishiyar avoka da ke tsakar gidansa tana mutuwa. Bakin ganye ya ƙone, ganyen na zuba, rassan sama sun bushe. Kafin mai kira ya rufe baki, masu ba da shawara sun yi layi. Wannan ya ce a ƙara ruwa safe da marece, wancan ya ce a watsa mata ure, wani ya ce a kafa mata ƙusa, har da mai cewa a sassare ta da adda wai don ta ji tsoro ta haihu. Mintocin rediyo ba su isa in amsa musu ba, shi ya sa na kawo maganar nan. Kuma ba zan rufe ku ba: yawancin shawarwarin nan su ne ke ƙarasa bishiyar.

Avoka, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa fiya, ba ɗiyar ƙasar nan ba ce. Asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya, inda ruwan sama ya wadata, ƙasa kuma na lulluɓe da ruɓaɓɓen ganye. Tana son ruwan da ya kai milimita 1000 ko fiye a shekara, alhali Maraɗi da Damagaram galibi kusan rabin wannan ko ƙasa da haka suke gani. A Yamai kuwa, watan Afrilu da Mayu zafi na wuce 40. Gawo da aduwa da magarya suna tura saiwarsu can ƙasa su nemo ruwa da kansu. Ita avoka saiwoyin da take ci da su suna nan sama-sama, taƙi ɗaya ko biyu ƙarƙashin ƙafarka, sirara, masu saurin jin ciwo. Suna buƙatar iska kamar yadda suke buƙatar ruwa. Wanda bai san wannan ba, don Allah ya bar ba da shawara.

Mu fara da masu cewa a ƙara ruwa. Ganye ya yi yaushi, sai a ce ƙishirwa ce. Wani lokaci haka ne, musamman a jigawa inda rairayi ke shanye ruwa nan take. Amma a gidan da ƙasarsa laka ce, ko aka haƙa wa bishiyar rami kamar kwano ruwa na kwana a ciki, saiwar ta riga ta shaƙe ta fara ruɓa. Akwai wata cuta da ke zaune cikin ƙasa mai jiƙa, masana na ce mata fitoftora, ita ce babbar makashiyar avoka a duniya. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya shan ruwa, don haka ganye ya yi yaushi ko da gindin na iyo a taɓo. Kai kuma ka ga yaushi ka ƙaro bokiti biyu! To wa ka taimaka, bishiyar ko cutar? Abin da za a yi ba shi da tsada. Ka tona kaɗan da hannunka a ƙarƙashin bakin inuwarta. In ƙasar ta dunƙule tana danƙo, ajiye bokitin sai ta sha iska. Ka duba ƙananan saiwoyin: masu lafiya farare ne, masu ƙwari, waɗanda suka ruɓe baƙaƙe ne, suna karyewa da ka taɓa. In lokacin ban ruwa ya yi, a zuba a kewaye, daidai inda rassa suka ƙare, a bar jiƙa kututturen.

Sai kuma wane ruwa ne ake ba ta? Nan iyayenmu mata sai ku yi mini haƙuri. A gidaje da yawa gindin bishiya shi ne magudanar gida: ruwan wanki da omo, ruwan wanke-wanke, ruwan da aka sa wa jabel, duk can ake kwarara su, wai kar a yi asara. Dalbejiya tana iya shanye wannan ta yi shiru, avoka ba ta iyawa. Cikin itatuwan marmari tana sahun gaba wajen ƙin gishiri, kuma ƙonewar bakin ganyen nan da kuke gani, wadda ke farawa daga tsini ta bi gefe, sau da yawa alamar gishiri ce da ya taru a ƙasa. Ruwan wasu rijiyoyin ma da kansa yana da zartsi. In ƙasarka na tsiyaye ruwa da kyau, kan ɗan lokaci ka yi mata ban ruwa mai yawa sau ɗaya da ruwa mai daɗi, ya tura gishirin ƙasa da saiwa.

To a kan wannan ne wani zai zo ya ce a watsa ure ko 15-15-15. Takin zamani shi ma gishiri ne, jama'a. Bishiyar da saiwarta ke ciwo, ka zuba mata tiya guda a gindi cikin zafin bazara, ka ƙone sauran da suka rage. Haka ɗanyen kashin kaji da tokar murhu da ake tulawa. A jira sai ta fara fid da sabon toho, sannan a ba ta takin gida da ya ruɓe sarai, kaɗan-kaɗan. Maganar ƙusa da sara kuwa ba ta cancanci dogon bayani ba: ƙofa ce kake buɗe wa cuta da gara.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne shara. Kullum da sassafe a share gindin bishiya ƙal, a tara ganyen a cinna masa wuta, wasu ma har su malala siminti ya zo daf da kututture don tsakar gida ta yi kyan gani. Ganyen nan da ke zuba shi ne bargonta kuma shi ne abincinta. Shi ke hana rana gasa saiwar da ke sama, shi ke riƙe lema. A bar mata shi, a ƙara da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko karan hatsi da aka daddatse, kaurin ya kai kamar faɗin tafin hannu, a baza har bakin inuwa. Na san abin da za ku ce: gara fa? Gaskiya ne, gara na zuwa, kuma ba ƙaramin abu ba ne a gidan ƙasa. Shi ya sa ake barin fili kamar taƙi ɗaya tsakanin ciyawar da kututture, ana kuma dubawa. Gara ta fi son abin da ya mutu. Bishiyar da ta fi kai wa hari ita ce wadda ta riga ta galabaita.

Idan ganye ya zube, rana na dukan ɓawon kai tsaye, ya ƙone ya tsage, reshen ya mutu. Ɓawon avoka ba shi da kaurin na mangwaro. A shafa wa kututture da manyan rassa farar ƙasa da aka dama ruwa-ruwa, a kafa zana ta ɓangaren yamma inda ranar la'asar ke faɗowa. Kar a yi mata aski cikin zafi. Ka kankare reshe da farce: in ka ga kore a ciki yana da rai, bar shi, wanda ya bushe ƙayau kaɗai za a yanke. In ta yi ƴaƴa alhali tana wannan hali, a cire su, duk da na san da ciwo. Kuma rassan da aka yanke kar a jefa wa awaki. Ganyen avoka yana da guba ga dabbobi, yana kumbura wa akuya mai shayarwa hantsa, yana iya kashe doki da tsuntsaye. Mutane da yawa ba su taɓa jin wannan ba.

Saura masu sayar da dashe a bakin hanya. Ba dukansu ba, akwai masu tsoron Allah. Amma wani zai ci avokar da aka kawo daga ƙasashen kudu, ya dasa ƙwallon a leda, ya sayar maka yana rantsuwa cewa shekara biyu za ka ci. Wadda aka tayar daga ƙwallo takan ɗauki shekara 5 zuwa sama da 10 kafin ta yi ɗa, kuma ba dole ɗan ya yi kama da wanda aka ci ba. Wadda aka yi wa aure, wato girefe, ita ce ke haihuwa cikin shekara 3 ko 4. Iri ma ya bambanta. Has, mai baƙin ɓawo da ta cika kasuwannin Turai, a Kalifoniya aka samo ta, ba ta son irin zafinmu. Dangin da ake kira na Antiy, masu manyan ƴaƴa da santsin ɓawo, su suka fi jure zafi da gishiri. Me zai hana mai saye ya tambaya, mai sayarwa ya faɗi gaskiya?

Wani zai ce to a bar avoka mana, a dasa abin da ƙasa ta sani. Ban ƙi ba. Mu da manomanmu na Maraɗi suka nuna wa duniya sassaben zamani, mu da ke bikin dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta, ba za a koya mana darajar gawo da zogale ba. Wanda zai dasa sabo a Tawa ko Tanut, ni mangwaro ko lemu ko gwaba zan ce masa. Amma wadda ta riga ta shekara huɗu a gidanka, ka sha wahalar jan ruwa dominta, ba ta cancanci a kashe ta da jahilci ba. A ba ta wata biyu zuwa uku a kan abin da na faɗa, a kai ta bakin damana. In duk rassan sun bushe har ƙasa kuma saiwar ta yi baƙi, a tumɓuke ta, kuma kar a sake dasa avoka a ramin, domin cutar tana daɗewa a cikin ƙasar.