AGAJI KO FARETI? TAMBAYA GA ƘUNGIYOYIN SA-KAI NA AJINGI DA GAYA

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, babu garin da za ka shiga a ƙasar Gaya ko Ajingi ka rasa ƙungiyar sa-kai. Akwai ta matasa, akwai ta taimakon kai da kai, akwai ta ci gaban gari wadda 'yan bokon da ke zaune a Kano suke tunawa da ita ranar Sallah, ga kuma rundunonin 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, kowace da launin kakinta. Kowace tana da shugaba da ma'aji da hatimi. Wasu har da kalanda. Tambayar da muke yi musu guda ɗaya ce, kuma ba za mu sassauta ta ba: aikin da kuka ƙaddamar shekara uku da suka wuce, yana aiki yau ko ya mutu?

Mun san amsar da wasu shugabannin za su bayar, domin sun saba ba da ita. Da an ta da maganar ƙungiyar hidima sai su karkata zuwa ga Rotary da Lions, su ce ai waɗannan malamai sun gama magana a kansu. Gaskiya ne, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta fitar da hukunci a 1978 a kan ƙungiyar asiri ta Masoniyya, ta kuma ambaci Rotary da Lions a cikin waɗanda take ganin suna da alaƙa da ita. Mu ba mu kira kowa ya je ya yanki katin Rotary ba. Amma wannan hukunci bai ce a bar mace mai naƙuda ta zubar da jini a kan amalanke ba, kuma bai ce famfon tuƙa-tuƙa ya shekara a mace ba. Wanda ya mayar da fatawa bargon rufe kasalarsa ya ci amanar malaman da suka ba da ita.

Bari mu dubi abin da waɗannan mutane suka yi a ƙasarmu, tun da sanin aikin wanda kake suka wajibi ne kafin ka buɗe baki. An kafa Rotary a birnin Chicago na Amurka a 1905, kuma reshenta na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi, a 1961. A 1985 ta ɗauki alwashin yaƙi da cutar shan-inna a duniya, ta riƙe wannan magana guda shekara da shekaru ba ta sake ta ba. Mutanen Kano suna da dalilin ɗari-ɗari da duk maganin da ya zo daga waje, domin ba a manta da gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a 1996 ba. Duk da haka aikin ya ci gaba gida-gida, mafi yawansa a ƙafafun 'ya'yanmu mata masu ɗiga maganin, har aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano a 2014, a Sumaila, sannan a 2020 aka shelanta cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Amma aikin da muke so a tsaya a kansa wani ne, wanda bai yi suna ba. Daga 2008 Rotary ta tallafa wa wani shiri na rage mutuwar mata wajen haihuwa a asibitoci goma, biyar a Kano biyar a Kaduna, irin asibitocin gwamnati da matan karkara ke faɗawa idan haihuwa ta yi gardama. Farfesa Hadiza Galadanci ta Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tana cikin jagororinsa. An ba da kayan aiki, an horar da ma'aikata, amma ƙashin bayan shirin littafi ne. Kowane asibiti ya riƙa rubuta mata nawa suka haihu, nawa suka rasu, me ya kashe su, jini ne ko jijjiga ko doguwar naƙuda. Bayan kowane wata shida a haɗu a baje alƙaluman, kowa ya ga matsayinsa a tsakanin 'yan'uwansa, a tambayi dalili. A farkon 2008 mata 1,790 ne ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a waɗannan asibitoci. Zuwa ƙarshen 2009 adadin ya sauko 940.

To, ya ɗan'uwa mai kaki da igiya a kafaɗa, wane sihiri ne a cikin wannan? Rubutu da ƙirga da komawa a duba, wanne ne a ciki ya fi ƙarfin Musulmi? Mu da aka umurta da rubuta bashi komai ƙanƙantarsa, mu da malamanmu suke raba gado har zuwa sudusi da sumuni ba kuskure, a ce wani ne daga Chicago zai koya mana riƙe littafi? Subhanallahi!

Ƙaramar Hukumar Ajingi tana da mazaɓu goma: Ajingi, Balare, Chula, Dabin Kanawa, Dundun, Gafasa, Gurduba, Kunkurawa, Toranke da Unguwar Bai. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 170,000, kuma kowa ya san an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Muna ƙalubalantar kowace ƙungiyar sa-kai da ke wannan yanki ta fito da takarda guda da ke nuna rijiyoyin burtsatse nawa ne a mazaɓarta, nawa ke ba da ruwa, nawa suka tsaya, kuma me ya tsayar da su. Wanda ya yi wannan zagaye zai tarar da abin kunya: da yawan famfunan da suka mutu ba ruwan ƙasa ne ya ƙafe ba. Roba ce ta cinye a cikin silinda, ko sandar ƙarfe ta kwance, ko sarƙa ta tsinke. Abin da kuɗin shinkafar taron ƙaddamarwa guda zai gyara. Amma gyara ba ya kawo mai girma ɗan majalisa, ba a kafa masa rumfa, ba a yanka masa kyalle, saboda haka ba shi da masoyi. Sai a bar tsohon famfo yana tsatsa, a nemi wanda zai haƙa sabo a gefensa don a sami allon da za a rubuta suna. A ƙasar da tarihi ya ce maƙeranta, Abagayawa, su ne suka tafi Dala neman tama har Kano ta kafu, a rasa saurayi guda a kowace mazaɓa da aka koya wa kwance famfo da ɗaura shi!

Magabatanmu ba haka suka fahimci aikin alheri ba. Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mayar da ita ta kowa da kowa. Zubaida matar Haruna Rashid ta jawo ruwa zuwa Makka, alhazai suka sha ƙarni bayan ƙarni. Abin da ya raya irin waɗannan ayyuka shi ne tsarin waƙafi, kuma malaman fiƙihu sun yi masa ƙa'ida mai tsauri: dole a sami mai kula da shi wanda za a tuhuma, kuma daga abin da waƙafin ya samar, gyaransa ake fara cirewa kafin a ba kowa komai. Gyara ne farko, rabo daga baya. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, amma wannan ilimi bai sauko cikin kundin ƙungiyoyin ƙauye ba. Attajiri zai haƙa rijiya da niyyar sadaka mai gudana, bai ware ko kwabo na gyara ba, bai naɗa kowa ba. Bayan damina biyu sadakar ta daina gudana, shi kuwa yana can yana lissafin lada.

Sai 'yan agaji. Ba mu raina tsaron filin wa'azi, ko shirya sahu ranar Idi, ko hidimar alhazai a sansani. Ayyuka ne na lada, kuma waɗannan bayin Allah suna yin su ba albashi, cikin rana da ƙura. Laifin yana wuyan waɗanda suka taƙaita su a nan. An ɗauki matasa masu ƙarfi da biyayya, an koya musu maci da sara wa manya, an bar su ba su san yadda ake tsayar da jini ba. Sunansu 'yan agaji, amma a ƙauyen da suke kwana, idan mace ta fara zubar da jini da tsakar dare, mijinta shi kaɗai zai fita neman mota, ya isa asibiti a Gaya ko Wudil a ce ya kawo mai ba da jini, ya tsaya yana waige-waige. Direbobin ƙungiyar NURTW, waɗanda wasu ke kallo a matsayin jahilan tasha, sun yi tsarin ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa a jihohin Arewa da dama, har da Jigawa da muke iyaka da ita. Direban tasha ya gane wannan, shugaban reshe mai rawani bai gane ba?

Kada wani ya ce babu kuɗi. Ana tara fatun layya duk shekara, ana yin gidauniya bayan gidauniya, ana sayen lasifika ta biyu ga masallacin da ta farko take isa. Waɗanda suka iya bin gida-gida su tattara fata a kwana uku, su ƙirga, su sanar da jimla, sun iya ƙirga famfo. Ita kuwa ƙungiyar ci gaban gari da take farkawa sai an kusa zaɓe, ta karɓi buhunan shinkafa da atamfa ta raba da sunan tallafi, ta daina kiran kanta ta sa-kai. 'Yar kamfe ce, kuma jama'a sun gane ta.

Tun daga Yulin 2024 Gaya da Ajingi da Albasu suna ƙarƙashin masarauta guda, wato akwai hakimai da dagatai da masu unguwanni da za a iya zama da su a yi wannan lissafi ba tare da an je Kano ba. Abin da muke nema ga kowane reshe da kowace ƙungiya kafin watan azumi mai zuwa shi ne ta kawo littafi wurin taronta: jerin rijiyoyin mazaɓarta da halin da kowace take ciki, sunan wanda aka ɗora wa kowace, sunayen matasan da aka gwada jininsu suka yarda a tashe su da dare, da direban da ya yi alkawarin fitowa. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a bayan sallar Juma'a, ba a ɗakin shugaba ba. Bayan wata shida a sake buɗe littafin. Reshen da ya aiko mana da nasa za mu buga shi a wannan shafi, da sunan mazaɓarsa da adadin famfunan da ya tayar.