Jirgin Maroko da muke ta yaɗawa, ina gudun nasa yake fitowa?

Idan kuna leƙa Facebook ko TikTok, da wuya a ce ba ku ci karo da bidiyon jirgin ƙasan nan na Maroko ba, wanda yake wucewa fiu kamar walƙiya. A ƙasan bidiyon kuwa tambaya ɗaya ce kowa ke yi: yaushe namu zai zo? Ni ma na yaɗa, ba zan ɓoye muku ba. Sai daga baya na zauna na karanta yadda abin yake.

Sunan jirgin Al Boraq, wato Buraƙa. Sarki Muhammad na Shida ya ƙaddamar da shi a watan Nuwamban 2018 tare da shugaban Faransa Emmanuel Macron, kuma shi ne irinsa na farko a Afirka. Tafiyar Tanja zuwa Kasabalanka da a da take cin awa huɗu da minti 45 ta koma awa biyu da minti 10.

To ga abin da bidiyon ba ya nuna muku. Gudun kilomita 320 a awa da ake ta faɗa, jirgin yana yin sa ne kawai tsakanin Tanja da Kenitra, wajen kilomita 200, inda aka shimfiɗa masa sabon layin dogo. Daga Kenitra zuwa Rabat da Kasabalanka tsohon layi yake hawa, sai gudun ya sauko kusan rabi. Jirgi ɗaya ne fa, direba ɗaya. Ashe gudun a jikin dogon yake: miƙaƙƙe, babu kwana mai tsanani, an katange shi yadda dabba ko mota ba za ta gitta ba, ga wayar lantarki a sama daga farko har ƙarshe.

Wannan wayar ce ta fi tsaya min a rai. Irin wannan jirgi ba ya shan dizal, wuta yake ja, kuma wutar da ba ta ƙiftawa. Mu da babban layin wutar ƙasarmu kan faɗi sau da yawa a shekara guda, ku gaya min, a ina za mu jona shi? Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, wanda wasu ke kira mai gudun gaske, na dizal ne, kuma bai shiga wannan sahun ba. A ma'aunin duniya sai sabon layi ya ɗauki gudun kilomita 250 a awa ake ba shi wannan suna.

Sai kuɗi. Aikin ya ci wajen dala biliyan biyu, kusan rabi bashi ne daga Faransa, jiragen kuma a hannun kamfanin Alstom na Faransar aka saye su. Mai ba da bashi shi ne mai sayar da kaya, kun gane ai. A Marokon ma an samu masu fafutikar da suka ce a dakatar, a kai kuɗin makarantu da asibitoci. Gwamnati ba ta saurare su ba, yanzu ma tana jan layin zuwa Marrakesh kafin gasar cin kofin duniya ta 2030 da za ta karɓa tare da Sifaniya da Fotugal.

Ban ce kada mu yi buri ba. Amma ni dai da za a ba ni zaɓi yau, a ƙarasa layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, jirgi ya riƙa tashi a kan lokaci, a kuma tsare hanyar yadda abin da ya faru a watan Maris na 2022 ba zai maimaitu ba. Ɗalibin da zai koma gida hutu tikitin da aljihunsa zai ɗauka yake nema.

Ranar da wani ɗan siyasa ya wallafa hoton dogon jirgi mai tsinin baki ya ce ga shi nan tafe, kafin ku danna masa alamar so ku tambaye shi a wurin sharhi: daga wace tasha wutar za ta zo, wa zai ba da bashin, kuma nawa ne kujera daga Kano zuwa Abuja?