Yaji Ba Ya Kashe Guba: Magana Kan Kifin Da Ɗanɗanonsa Ya Sauya

Allah ya albarkaci ƙasar Bagudo da Kogin Kwara. Tun daga Lolo a bakin iyakar Benin har gangarowa Tuga, da wuya a sami gidan da tarwaɗa ko karfasa ko giwan ruwa ba sa shiga tukunyarsa. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta zauna mana daram a madafa, wadda ya kamata mu yi mata taron dangi: da zarar uwargida ta ji kifi ya yi wani irin bauri ko wari, sai ta ƙara yaji da tafarnuwa da daddawa, ta ce ai wuta tana kashe komai. Wannan magana kuskure ce, kuma kuskuren da kan kai mutum kushewa.

Sauyin ɗanɗanon kifi iri-iri ne, kuma kowanne da hukuncinsa.

Na farko shi ne ɗanɗanon laka, wanda aka fi ji a kifin fadama da tafki idan ruwa ya ja baya da rani. Wasu ƙananan halittu ne da ke cikin gansakuka da laka suke fitar da sinadarin da ake kira jiyosmin, shi ne ma yake ba ƙasa ƙamshinta a ruwan farko na damina. Wannan ba ya cutarwa. Idan tarwaɗar tana da rai, a bar ta kwana biyu ko uku a ruwa mai tsabta ana sauya shi. Idan kuwa an riga an yanka, a cire fata da kitsen ciki, domin a nan yake taruwa. Haka ma ɗacin da ke zuwa idan maɗaciya ta fashe wajen gyara: a yanke wurin da ya yi kore a zubar, a wanke sauran sosai.

Na biyu shi ne ruɓewa. Idon kifi ya faɗa ciki ya yi hazo, ƙarƙashin kunnensa ya tashi daga ja ya koma ruwan ƙasa, ka danna tsoka da yatsa gurbin ya ƙi tasowa. Wannan kifi ya gama yawo. Hatsarin ya fi yawa a kifin teku na ƙanƙara, irin su sukumbiya, wanda yake narkewa a hanya a sake daskarar da shi. A jikinsa ne sinadarin histamin yake taruwa, ya sa harshe ya ji raɗaɗi kamar an zuba barkono, fuska ta yi ja, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi, kai ya yi ta sarawa cikin ƙasa da awa guda. Suya ba ta lalata histamin, tafasa ba ta lalata shi, banda ma haka.

Na uku shi ne mafi muni, domin da hannun mutum ake yin sa. Akwai masuntan da ke zuba gamalin a ruwa su kwashe kifin da ya taso, babba da ƙarami. Akwai kuma 'yan kasuwar da ke yayyafa wa busasshen kifi Sniper ko fiya-fiya don kada ƙwaro ya ci. Sinadarin da ke cikin gamalin, wato lindan, an saka shi cikin jerin abubuwan da Yarjejeniyar Stockholm ta hana tun 2009, kuma dokar kamun kifi ta ruwayen cikin gida ta 1992 ta haramta su da guba a Nijeriya. Shi kuwa na cikin Sniper, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen wakenmu a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. To abin da Bature ya ƙi a wake, yaya za mu yarda da shi a miyar 'ya'yanmu?

Za a ce talauci ne: kifi ya yi tsada, ba a zubar da abinci, kuma ɗan kasuwa zai yi asara idan ƙwaro ya shiga kwandonsa. Gaskiya ne asarar tana da ciwo. Amma kakannin Sarkawa sun adana kifi tun kafin a san kwalbar maganin ƙwari, da gishiri da hayaƙi da rana, suna maimaita banda idan ya yi laushi. Wanda ya kare kwandonsa da guba ya ɗora asararsa ne a kan cikin wani. Ita kuma uwargida, ta auna kuɗin kifi guda da kuɗin gado a asibiti, ta ga wanne ne arahar.

Saboda haka, kifin da ke warin kananzir ko maganin sauro, ko wanda ka ga ƙudaje suna faɗuwa matattu a kusa da shi, kada a saya. Idan an riga an saya, a binne shi, kada a ba kare ko kaji. A kuma sani cewa guba ba kullum take da ɗanɗano ba, don haka sayen kifi mai rai, ko saye a hannun wanda aka amince da shi, ya fi dogaro da harshe.

Idan bayan cin kifi wani ya fara dalalar da yawu, gumi, amai, zawo, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, numfashi ya yi wuya, ko ya kama jijjiga, a garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da ragowar abincin. Kada a ɗura masa manja ko madara, domin maiƙo yana taimaka wa irin wannan guba ta ratsa jiki. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Gubar Sniper tana da makari, allurar atirofin, amma a hannun ma'aikatan lafiya take, kuma jinkiri ne yake kisa. Yara da masu juna biyu su ne a sahun gaba.

Kira na ƙarshe ga sarakunan ruwa da shugabannin kasuwa, a wannan gaɓar da waccan ta Benin, tunda ruwa bai san shingen kwastan ba: kun san masu zuba gamalin da sunayensu. Ku hana su shiga kogi, ku hana kayansu shiga kasuwa. Allah ya tsare mu da iyalanmu.