Congress ce ta miƙa wa Modi Indiya

Duk lokacin da aka tayar da zancen zaɓen Indiya na 2014, sai a shiga lissafin girmansa: masu rajista sama da miliyan 800, zaɓe zango tara daga 7 ga Afrilu zuwa 12 ga Mayu, jami'ai suna hawa duwatsu suna ratsa daji don kai na'urar kaɗa ƙuri'a ƙauyukan da mota ba ta shiga. Duk gaskiya ne, kuma ban raina wannan aiki ba. Amma na gaji da wannan yabo, domin yana rufe abin da ya fito daga na'urorin a ranar 16 ga Mayu, yana kuma wanke waɗanda suka jawo shi.

Jam'iyyar BJP ta Narendra Modi ta samu kashi 31 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa. Da wannan kason ta kwashe kujeru 282 daga cikin 543 na majalisar Lok Sabha, rinjayen da babu jam'iyya guda da ta samu irinsa tun 1984. Kusan mutum bakwai cikin goma da suka fito zaɓe ba su dangwala wa BJP ba, amma ita ta kafa gwamnatin da ba ta buƙatar jin maganar kowa. Haka tsarin da Ingila ta bar musu yake, irin wanda ta bar mana: wanda ya fi kowa ƙuri'a a mazaɓa, ko da ɗaya ce, shi ke ɗauke kujera, sauran ƙuri'un sun tafi a banza. Jam'iyyar BSP ta Mayawati ta tara sama da kashi 4 cikin 100 na ƙuri'un ƙasar, miliyoyin talakawa ke nan, ta tashi ba ta da kujera ko ɗaya.

Wa ya biya kuɗin wannan lissafi? Musulmin Indiya sun kai kashi 14 cikin 100 na al'ummar ƙasar, mutum sama da miliyan 170 a ƙidayar 2011. A majalisar da aka zaɓa a 2014, wakilansu ba su kai 25 ba. A cikin 'yan majalisa 282 na jam'iyya mai mulki babu Musulmi ko ɗaya. Jihar Uttar Pradesh mai kujeru 80, inda kusan mutum ɗaya cikin biyar Musulmi ne, ba ta tura Musulmi ko ɗaya Delhi ba a wannan zaɓe.

Modi bai ɓoye wa kowa ko shi wane ne ba. A ƙungiyar RSS mai ra'ayin fifita Hindu ya tashi. Shi ne babban ministan Gujarat a 2002, lokacin da aka kashe mutum sama da dubu, akasarinsu Musulmi. Amurka ta hana shi biza a 2005. Kwamitin binciken da Kotun Ƙoli ta kafa ya ce bai samu hujjar gurfanar da shi ba, kuma dole in faɗi hakan, amma kisan a ƙarƙashin gwamnatinsa aka yi shi, kuma jami'an tsaron da suka kasa tsayar da shi na gwamnatinsa ne. Mai irin wannan tarihi ba ya zama Firaminista sai abokan hamayyarsa sun ruɓe. Shi ya sa fushina ya fi karkata kan jam'iyyar Congress. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga.

A 2009 Congress ta ci kujeru 206, jama'a suka ba ta amana karo na biyu. Me ta yi da ita? Badaƙalar wasannin Commonwealth na 2010 a Delhi. Badaƙalar rabon lasisin wayar salula, wadda ta kai tsohon ministan sadarwa gidan yari a 2011, duk da cewa kotu ta sallame shi a 2017. Badaƙalar rabon filayen haƙar kwal. Farashin albasa da kayan abinci ya yi ta hawa, har wani dattijo, Anna Hazare, ya shiga yajin cin abinci a 2011, dubban mutane suka fito bayansa suna neman dokar yaƙi da cin hanci. Firaminista Manmohan Singh mutum ne mai ilimi da kamun kai, ba a taɓa kama shi da sata ba, amma kowa a Indiya ya san iko na hannun shugabar jam'iyyar, Sonia Gandhi. A Satumban 2013, Singh yana Amurka a ziyarar aiki, ɗanta Rahul Gandhi ya fito gaban 'yan jarida ya yi kaca-kaca da wata dokar wucin gadi da gwamnatin jam'iyyarsa ta amince da ita, ya ce a yaga ta. Ɗan gidan sarauta ya ci mutuncin shugaban gwamnati a bainar jama'a, babu wanda ya tsawata masa.

Ga kuma girman kai. Wani jigon jam'iyyar, Mani Shankar Aiyar, ya yi wa Modi gorin sayar da shayi da Modin ya ce ya yi yana yaro. A ƙasar da ɗaruruwan miliyoyi ke rayuwa hannu baka hannu ƙwarya, ka zagi mutum da sana'ar talaka! BJP ta karɓi gorin hannu bibbiyu, ta mayar da teburan masu shayi dandalin kamfe a faɗin ƙasar. Sakamakon: Congress ta faɗo daga 206 zuwa 44, ba ta ma kai adadin da ake buƙata kafin a ba ta muƙamin jagoran adawa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda Congress ta shekara da shekaru tana karɓar ƙuri'ar Musulmi da sunan ita ce garkuwarsu. Wace garkuwa? Kwamitin Sachar, wanda gwamnatin Singh da kanta ta kafa, ya ba da rahoto a 2006 cewa Musulmi kusan kashi 3 cikin 100 ne kacal na manyan jami'an mulki, bayan shekaru kusan sittin da samun 'yanci, mafi yawansu a hannun Congress. A zamanin mulkin Rajiv Gandhi na Congress aka buɗe makullan masallacin Babri da ke Ayodhya a 1986, kuma Firaministan Congress, Narasimha Rao, ke kan mulki ranar 6 ga Disamban 1992 da aka rushe shi. Mabiya addinin Sikh ma ba su manta 1984 ba, da aka kashe kusan dubu uku daga cikinsu a Delhi bayan kisan Indira Gandhi. Tsoro kawai jam'iyyar take sayar wa tsiraru, ba makaranta, ba aiki, ba kariya.

Sauran 'yan adawa ba su fi ta ba. A 2013 rikicin Muzaffarnagar a jihar Uttar Pradesh ya ci rayuka sama da sittin, ya raba dubun-dubatar mutane da gidajensu, a ƙarƙashin gwamnatin jam'iyyar Samajwadi mai iƙirarin kare Musulmi. Amit Shah, wanda ya jagoranci kamfen BJP a jihar, ya yi jawabin ramuwa a yankin har hukumar zaɓe ta hana shi taro na ɗan lokaci. Duk suna gani, amma Samajwadi da BSP da Congress kowace ta tsayar da nata ɗan takara, suka yayyaga ƙuri'unsu, BJP ta tafi da kujeru 71 cikin 80.

Abin da ya biyo baya an san shi. A Nuwamban 2016, cikin dare ɗaya, aka soke manyan takardun rupi, kashi 86 cikin 100 na kuɗin da ke hannun jama'a. Duk wanda ya sha layin banki a canjin Naira na 2023 ya san irin wannan azaba. A 2019 aka soke matsayi na musamman na Kashmir, aka kuma yi dokar ba 'yan gudun hijira daga Pakistan da Bangladesh da Afghanistan shaidar zama 'yan ƙasa, aka cire Musulmi daga ciki. A Janairun 2024 Modi da kansa ya buɗe wurin bautar Ram a filin da masallacin Babri yake.

Kada wani ya ce min ba yadda za a yi. A 2024 Samajwadi da Congress suka haɗa kai a Uttar Pradesh, BJP ta faɗo zuwa kujeru 33 a jihar, har ta rasa mazaɓar Faizabad da ta ƙunshi Ayodhya. A ƙasa baki ɗaya ta tsaya a 240, sai da ta jingina da ƙananan jam'iyyu kafin ta kafa gwamnati. Wannan haɗin kai yana yiwuwa tun 2014. Son kai ne ya hana shi, har aka ɓata shekara goma. Kuma bayan duk wannan, Congress ba ta saki gidan Gandhi ba. A ƙarshen 2024 Rahul ne jagoran adawa a Lok Sabha, ƙanwarsa Priyanka ta shigo majalisar daga Wayanad, mahaifiyarsu Sonia tana majalisar dattawa ta Rajya Sabha.