Sai Bango Ya Tsage...



Kowane magidanci a New Bell ya san abin da ake yi kafin ruwan Yuli da Agusta ya sauko wa Duwala: a hau rufi a duba kwano, a toshe inda ke yoyo. Sai dai akwai wani ɗaki da muke barinsa da ɓaraka, alhali a cikinsa muke ajiye kuɗin Orange Money da na MTN, da hotunan iyali, da lissafin bashin kanti. Ɗakin nan shi ne wayar hannu da kwamfuta.

Idan waya ta nuna mana “Mise à jour”, yawancinmu mukan ce sai an jima, don tsoron ƙarewar kuɗin intanet. To, wannan saƙo faci ne. Masu ƙera manhaja sun gano wata kafa da ɓarawo zai iya bi, suka aiko da abin toshe ta. Kuma da zarar sun sanar da facin, ɓarayi ma sun san inda kafar take, sai su shiga farautar waɗanda suka yi jinkiri.

Ga abin da ya faru a 2017. Ranar 14 ga Maris kamfanin Microsoft ya fitar da facin wata ɓaraka a Windows. Ranar 12 ga Mayu cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wannan kafa, ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana neman kuɗin fansa. Asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya, kamfanin Renault na Faransa ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Maganin kuwa ya yi kusan wata biyu yana jiran a karɓa.

Saboda haka muna ba gidajenmu shawara huɗu. Na farko, a kunna sabuntawa ta kai-tsaye, a yi ta da dare inda akwai Wi-Fi, batir a cike, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana iya lalata na'ura. Na biyu, a kwafe muhimman takardu a wani wuri kafin a fara. Na uku, a nemi sabuntawa daga cikin “Paramètres” kaɗai. Wadda aka turo ta WhatsApp ana cewa a latsa, tarko ce. Na huɗu, mai sayen kwamfuta ta hannu ya tambayi wace Windows ke cikinta: an daina yi wa Windows 7 faci a Janairun 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin lokaci.

Matasanmu, ku karɓi wayoyin Baba da Inna ku duba musu a wannan mako. Magabata sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da sirrinmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.